Ƙarfe a cikin ɓargo: abin da ya sa karayar kwatangwalon tsoho ba ta jira

Da asubahin wata Laraba gwaggona ta zame a bakin banɗaki a gidanmu na Aboabo, buta na hannunta. Ba daga bene ta faɗo ba, ba kuma pragya, keken haya mai ƙafa uku, ce ta buge ta ba. Ruwan sabulun da aka kwarara da daddare ne ya kwashe ƙafarta, ta zauna da gefen kwatangwalo a kan siminti, shi ke nan. Da aka kwantar da ita a tabarma sai muka ga ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, tafin ƙafar kuma ya kwanta waje kamar ba a jikinta yake ba. Ta haura shekara 70, amma har ana gobe abin zai faru da ƙafarta ta je kasuwar Asawase ta dawo.

"Ɗan nan, kada ku bari a yanka ni," abin da ta fara ce mini ke nan, ta riƙe mini hannu. "Duk wanda aka sa wa ƙarfe ba ya ƙara miƙewa."

Kawu ya aika a kira mai ɗori, dattijon da ya ɗora rabin yaran unguwar, har da ni lokacin da na karya hannu a wajen ƙwallo. Ya durƙusa, ya shafa, ya ɗan juya ƙafar, gwaggo ta yi ƙara. Sai ya goge hannunsa ya ce wa kawu, "Alhaji, wannan ta fi ƙarfin kara. Ku kai Hajiya asibiti yau." Allah ya saka masa da alheri, ya faɗi gaskiya alhali kuɗi yake bari. Mu ne ba mu ji ba. Kwana uku muka yi muna waya tsakanin Kumasi da unguwar Nima ta Akara da 'yan'uwan da ke Turai, ana neman yardar babban ɗanta, ana lissafin wa zai kawo nawa, ana shafa mata man zafi. Kwana ukun nan su ne dalilin wannan rubutu, domin sai daga baya na gane cewa a irin wannan karaya jinkirin ya fi wuƙar likita haɗari nesa ba kusa ba.

Abin da muke kira karayar kwatangwalo, a gaskiya ƙashin cinya ne ke karyewa daga can samansa. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin mutum. Da ya zo sama sai ya lanƙwasa ciki kamar ƙotar fartanya: akwai ɗan wuya, a ƙarshen wuyan kuma akwai kai mai kama da ƙwallo wanda ke juyawa a cikin gurbinsa a ƙugu. A gindin wuyan akwai tudu biyu da manyan tsokoki ke kamawa. Babban shi ne ƙululun da kake ji idan ka dafa gefen kwatangwalonka, ƙaramin yana ɓoye ta ciki. Likita idan ya ɗaga hoton ƙashi, abin da yake fara nema shi ne inda layin karayar ya bi, domin wurin ne ke yanke hukuncin irin aikin da za a yi.

Idan a wuyan ne, matsalar ta jini ce. Jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin a jikin wuyan suke hawa, to idan ya karye ya goce sai su tsinke, kan ya rasa abinci ya mutu ko da an haɗa shi da kyau. Shi ya sa ga tsoho mai irin wannan karaya yawanci ba a wahalar haɗawa, cire kan ake yi a sa na ƙarfe a madadinsa. Wannan aiki ne daban. Wanda ya ji an sa wa maƙwabcinsa ƙusa shi kuma aka ce za a sauya wa mahaifiyarsa kan ƙashi, kada ya ɗauka cuta ce ko neman kuɗi. Idan kuwa karayar ta bi tsakanin tudun nan biyu, ko ta sauka ƙasa da su da kamar santimita 5, jinin da ke ciyar da kan ƙashin bai yanke ba, ƙashin zai haɗe in dai an riƙe shi daidai. Nan ne fagen ƙusar ɓargo, wato doguwar ƙusar ƙarfe da ake zurawa cikin ramin ƙashin, kuma karayar gwaggo a nan take.

Mai ɗori ya ce ta fi ƙarfin kara, kuma yana da hujja. Ɗori yana aiki ne idan za a iya kama ƙashi sama da karaya da ƙasa da ita, a jera kara, a ɗaure. Hannu da ƙwauri suna ba da wannan dama. Amma saman cinya yana binne cikin tsoka mafi kauri a jiki, guntun da ke sama kuma ɗan gajere ne, ya shige cikin ƙugu, babu inda za a kama shi. Tsokokin kuma ba sa barci: wasu na jan guntun sama gaba da waje, wasu na jan dogon ƙashin sama da ciki, abin da ya sa ƙafar ke gajarcewa ke nan. Duk ƙwarewar hannu, ba za ka ɗaure abin da ba ka iya kamawa ba. Ina faɗin haka ne da girmama masu ɗori, don ni shaida ne a kan aikinsu, kuma a Gana dokar masu maganin gargajiya ta shekarar 2000 ta san da zamansu. Amma wanda ya karɓi karayar kwatangwalon tsohuwa ya ce zai ɗora, ya ɗauki kayan da ba nasa ba.

Wani zai ce, to a bar ta a kwance mana har ƙashin ya kama da kansa. Haka likitocin Turai ma suka yi shekara da shekaru: a ɗaura wa ƙafa nauyi, mutum ya kwanta wata biyu zuwa uku. Ƙashin kan haɗe, ko da a karkace. Mai ƙashin ne sau da yawa ba ya kaiwa. Jikin tsoho ba ya jure kwanciya. Huhu ba ya buɗewa sosai, majina ta taru, ciwon huhu ya shigo. Jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, a ce mutuwar fuju'a ce. Fatar ɗuwawu da dunduniya ta ƙwaile ta zama gyambo mai zurfi. Fitsari ya kamu da ƙwayar cuta. Tsoka ta narke cikin 'yan kwanaki, ta yadda ko ƙashin ya warke babu ƙarfin ɗaga jiki. Ga ruɗewa: tsohuwa mai cikakken hankali ta fara sambatu da dare, tana kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa, mu kuma mu ce iska ce ko jifa, alhali zafin ciwo ne da ƙarancin ruwa da jini. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da suka karya kwatangwalo ba sa cika shekara, kuma wannan a inda ake yi musu aiki ne. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, tun 2011 ta ce a yi tiyatar a ranar da aka kwantar da mutum ko washegari, likitocin ƙashi na Amurka kuma suka ce cikin awa 24 zuwa 48. Ƙarfen da gwaggo ke tsoro ba shi ke warkar da ƙashi ba, jiki ne ke wannan aikin da ikon Allah cikin wata uku zuwa huɗu. Amfanin ƙarfen shi ne ya riƙe karayar ta yadda mutum zai tashi daga gado tun ƙashin bai haɗe ba.

Dabarar ta wani likitan Jamus ce, Gerhard Küntscher, wanda a watan Nuwamba na 1939 a birnin Kiel ya fara zura doguwar ƙusa cikin ramin ɓargon ƙashin cinya. Da ya gabatar da aikin ga taron likitocin tiyata a Balin a 1940, manyansu da yawa sun ƙyamace shi, suna ganin cusa ƙarfe cikin ɓargo ganganci ne, kusan irin tsoron da gwaggona ta yi. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya raba gardamar. Sojojin Amurka da Jamusawa suka kama suka yi musu aiki sun koma gida suna tafiya da ƙafafunsu, likitocinsu suka ɗauki hoto suka ga ƙarfe a tsakiyar ƙashi, har mujallar Time ta ba da labarin a 1945. Amma ƙusar farko ta tsakiyar cinya ce. Wadda ta dace da kwatangwalo, mai noti da ke ratsa ta ya shiga kan ƙashi, ta bazu ne a ƙarshen shekarun 1980 da sunan Gamma, wadda likitoci biyu na Strasbourg a Faransa, Grosse da Kempf, suka yi fice a kanta. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta AO ta Suwizalan ta fito da tata, PFN, a 1996, sannan PFNA a 2004, wadda maimakon noti take da wani ƙarfe mai murɗi da ake bugawa ya danne ƙashi mai laushi a jikinsa.

Duk magini ya san dalilin da ake sa rodi a tsakiyar ginshiƙi. Kafin ƙusar ɓargo ta bazu, kuma har gobe, akwai ƙarfen gefe da ake kira DHS: faffaɗan ƙarfe ne da ake ɗaurawa a bayan ƙashi da notuna, babban noti ɗaya ya shiga kan ƙashin. Bambancinsu kamar na mai ɗaukar bokitin ruwa ne. Idan ka riƙe shi a jikinka za ka yi nisa da shi, idan ka miƙe hannu ka riƙe shi can nesa, nan da nan kafaɗa za ta gaza. A kowane taku kwatangwalo na ɗaukar nauyin jiki ninki biyu zuwa uku. Ƙusar da ke cikin ɓargo ta fi kusa da layin da nauyin ke bi, don haka ƙarfin da ke neman lanƙwasa ta bai kai wanda ke kan ƙarfen gefe ba. Kuma tana tsaye ne a tsakiya kamar katanga, tana hana guntun sama zamewa waje idan bangon ƙashin ya farfashe.

Aikin kansa bai kai yadda muke zato ba. Yawanci allura ake yi a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, mutum idonsa biyu. Ana ɗora shi a wani gado na musamman, a sa ƙafar cikin takalmin da ke jan ta a hankali, likita na juya ta yana kallon hoto kai tsaye daga wata na'ura mai siffar baka da ke zagaya cinyar, har guntayen su koma mazauninsu ba tare da an buɗe wurin karayar ba. Wannan matakin shi ne rabin aikin, domin ƙusa ba ta gyara karkataccen ƙashi, a yadda ta same shi take riƙe shi. Sai a ɗan tsaga fata sama da ƙululun nan, tsawon ɗan yatsa, a zura siririyar waya ta kan tudun zuwa cikin ɓargo, a buɗe hanya, a tura ƙusar. Yawanci ta taitaniyom ce, kaurinta milimita 9 zuwa 12, gajeriyar kamar santimita 17 zuwa 24, doguwar kuma takan kai kusa da gwiwa. Ta wata ƙaramar tsaga a gefen cinya sai a tura babban noti ya ratsa ramin da ke jikin ƙusar, ya bi wuyan ya shiga kan ƙashin, a kusurwar digiri 125 ko 130. A ƙasa kuma ƙaramin noti ya kulle ta kada ta juya. Sau da yawa awa ɗaya ko ɗaya da rabi an gama.

Akwai wata hikima a wannan babban noti da na daɗe ina jinjinawa. Ba a ɗaure shi tamau. An bar masa damar zamewa kaɗan a cikin ƙusar, amma ba zai juya ba. Saboda haka duk lokacin da mara lafiya ya taka, nauyinsa na matse bakin karayar biyu su haɗu, ƙashi kuwa matsi yake so kafin ya kama. Wato takun da muke hana tsofaffinmu saboda tausayi, shi aka ƙera ƙarfen ya yi aiki da shi.

Kada a ɗauka ƙusa ta fi ƙarfen gefe a kowane hali, ko da yake kamfanoni za su so a ɗauka haka, don ta fi tsada. Gamma ta farko ta zo da aibinta: ƙashi kan tsage a daidai inda ƙusar ta ƙare, sai da aka sake fasalinta abin ya ragu. Kuma gwaje-gwajen da aka yi ta kwatanta su biyun ba su nuna ƙusa ta yi wa ƙarfen gefe fintinkau ba a karaya mai sauƙi, wadda ta rabu gida biyu bangon bai farfashe ba. A irin wannan NICE ƙarfen gefe ma ta fi so. Inda ƙusa ba ta da abokin gasa shi ne karayar da ta sauka ƙasan tudun, da wadda layinta ya juya ya bi ta baibai, sannan likitocin Amurka sun fifita ta a duk karayar da ta farfashe ba ta da mazauni. A ganina wannan magana ta fi muhimmanci a Kumasi fiye da Landan, domin mu daga aljihu muke biya. Idan likita ya ce ƙarfen gefe ya isa, ba rowa ya yi wa mahaifiyarka ba. Idan ya ce sai ƙusa, kana da haƙƙin ka ce, "Dokta, don Allah nuna mini a hoton," kuma likitan kirki zai nuna maka inda bangon ya fashe.

Aikin yana iya ɓaci, kuma ɓoye wannan ba adalci ba ne. Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne notin ya yanka kan ƙashin ya fito, kamar ƙusar da aka buga a katakon da gara ta ci. A 1995 wani likitan Amurka, Baumgaertner, da abokan aikinsa suka nuna cewa idan an auna tazarar bakin notin da ƙololuwar kan ƙashin a hotuna biyu, na gaba da na gefe, aka haɗa jimillar ba ta wuce milimita 25 ba, da wuya notin ya fita. Har yau da wannan ma'auni ake aiki. Ka ga ashe hannun da ya sa ƙarfen ya fi sunan kamfanin da ya ƙera shi. Akwai kuma shigar ƙwayar cuta, musamman ga mai ciwon suga, da ƙin haɗewar ƙashi, da ɗan gajarcewar ƙafa, da ciwon gefen cinya idan notin ya zamo waje da yawa. Sannan ƙanƙantar tsagar kan yaudari dangi: irin wannan karaya na zubar da jini mai yawa a ɓoye cikin cinya tun kafin a shiga ɗakin tiyata, shi ya sa za ka ji an ce a kawo masu ba da jini alhali ba ka ga ɗigo ɗaya a zane ba.

A nan ne maganar ke dawowa gida. Kumasi na da asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gii, da cibiyarsa ta haɗurra da ta fara aiki a 2009, kuma nan ake turo masu karaya daga yankuna da dama har da arewa. Akara na da Korle Bu da asibitin sojoji na 37. Asibitocin mishan irin St. Joseph na Koforidua da St. John of God na Duayaw Nkwanta sun daɗe da suna a aikin ƙashi. Likitocin suna nan, ƙwarewar tana nan. Amma ƙusar kwatangwalo na buƙatar na'urar hoton nan a ɗakin tiyata da gadon jan ƙafa, ba kowane asibitin gunduma ke da su ba. Saboda irin wannan giɓi ne wani likitan Amurka, Lewis Zirkle, ya kafa SIGN a 1999, wadda ke ƙera ƙusar da za a iya sawa ba tare da na'urar ba, tana bayarwa kyauta ga asibitoci a ƙasashe sama da 50, ko da yake ƙarfinta ya fi yawa a karayar tsakiyar cinya da ƙwauri, irin ta samarin da babur ke kayarwa.

Sai kuɗi. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da aka kafa a 2003, tana rage nauyi sosai, kuma wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara. Amma shi kansa ƙarfen yawanci dangi ke saye, kuma maganar dubban sidi ake yi. A asibitin da muka kai gwaggo, an gama duba zuciyarta da jininta an ce ta shirya, aka sake kwana biyu ana jiran mu haɗa kuɗin. Ban ɗora wa kowa laifi ba sai mu. A Zango idan aka yi rasuwa, kafin la'asar momo, wato asusun kuɗi na waya, ta cika, an kafa rumfa an ɗora tukwane. Idan biki ne, mata sun yi wata uku suna tara kuɗin anko. Amma kuɗin da zai tayar da tsohuwa daga gado sai an yi ta kai-kawo, kowa na jiran ya ga abin da wani zai bayar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ke da tsofaffi ya kamata ya san tun yau wa ke da ta-cewa idan abu ya faru da dare, ya tabbata katin inshorarsu bai mutu ba, kuma ƙungiyoyinmu na masallaci da na adashi da ke da asusun rasuwa su buɗe na jinya a gefensa.

Ranar da abin ya faru kuma, abubuwan yi kaɗan ne. Tsohon da ya faɗi ya kasa tsayawa, ko yana kukan matsematsi, ko ma gwiwa, a ɗauke shi a matsayin mai karaya har sai hoto ya ƙaryata. Wani ma yana iya ɗan takawa alhali ƙashin ya tsage bai goce ba, hoton farko kuma ya kasa nunawa, don haka in ciwon ya ƙi tafiya a koma. Kada a ja ƙafar, kada a murza, kada a naɗe shi a kujerar pragya ko tasi. A kira 112, ko a kwantar da shi a kan abu mai faɗi a mota. A tafi da duk kwalayen maganin da yake sha, na hawan jini da na suga da na tsinka jini, har da na gargajiya, a faɗa ba tare da jin kunya ba.

Washegarin aikin wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta zo ta ce gwaggo ta zauna a bakin gado. Ƙanwar babana ta tare ta: "Haba 'yata, jiya-jiya aka yanka baiwar Allah." Ma'aikaciyar ta ce, "Mma, ku yi haƙuri, yau za ta zauna, gobe za ta tsaya." Haka kuwa aka yi, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, tana salati tana zufa. Yawan nauyin da za a ɗora wa ƙafar likitan da ya yi aikin ne ke faɗa, amma ga mafi yawan tsofaffi umarnin shi ne su taka gwargwadon abin da za su iya jurewa. A gida ne aikin ya fi lalacewa. Mukan mayar da tsohuwa sarauniyar gado, jikoki na kai mata komai har buta, 'yan dubiya na cewa "Hajiya, kada ki motsa," sai tausayi ya ƙarasa abin da karaya ta fara. Abin da take buƙata shi ne mai riƙe ta ta taka zuwa ƙofa sau da yawa a yini, maganin zafi a kan lokaci don ta iya takawar, allurar hana daskarewar jini har kwanakin da aka rubuta su cika, da abinci mai gina jiki: ƙwai, wake, kifi, nono, ba koko zalla ba. Tsuguno zai yi wuya na wani lokaci, don haka a tanadi kujerar bayan gida. Sallah kuwa addini ya riga ya sauƙaƙa, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ce a yi ta a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe.

Tambayar da ta fi damun gwaggo ba ta fito da ita ba sai da muka koma gida. Ta kira ni da dare ta ce, "Ɗan nan, in na mutu da wannan abu a jikina fa?" Na kai maganar ga malamai biyu a unguwa, dukansu suka ce babu laifi, kuma ba a tsaga gawa don a ciro shi. Ɗayansu ya kawo mini labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. A likitance ma ba a cire ƙusar ga tsoho sai in tana damunsa. Ba ta tsatsa, ba ta jawo tsawa, ba ta kuma shanye ɓargo, jiki na da sauran wuraren da yake ƙera jini. Wasu kan ce suna jin ɗan tsami a wurin lokacin sanyin hunturu, wannan kuwa ko wanda aka yi wa ɗori yakan faɗa.

Abin da har yanzu nake ganin ana sakaci da shi shi ne ɗayan kwatangwalon. Ƙashi lafiyayye ba ya karyewa don an zame a bakin banɗaki. Idan ya karye, alama ce cewa ya zaizaye ta ciki, abin da ke samun mata musamman bayan al'ada ta ɗauke, shi ya sa kusan uku cikin huɗu na masu wannan karaya mata ne. Wanda ya karya ɗaya kuma haɗarin karya na biyu ya ƙaru. Akwai maganin ƙarfafa ƙashi, irin alendronet da ake sha sau ɗaya a mako ko zoledronet da ake ƙarawa ta jijiya sau ɗaya a shekara, tare da kalsiyom da bitamin D, amma sau da yawa sai dangi sun tambaya kafin a tuna. Akwai kuma abin da ke cin ƙashin matanmu a ɓoye: ƙwayoyin dekzametazon da danginsu da ake sha ba bisa ƙa'ida ba don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, shekara da shekaru. Gwaggo ta sha su don ciwon gwiwa, daga kantin magani, ba wanda ya taɓa ce mata komai.

Mun sa ƙwan lantarki a hanyar banɗakin, mun kafa ƙarfen riƙewa a bango, an fasa simintin an yi masa kaushi da magudana, an kai ta an duba idonta aka samu yanar ido ta rufe na hagu. Yanzu wata bakwai ke nan. Tana ɗan ɗingishi, tana riƙe sanda idan za ta fita, kasuwar Asawase kuwa ba ta koma ba tukuna, iyakarta masallacin bakin layi, inda aka ajiye mata kujerar roba a sahun mata. Ranar Litinin mai zuwa za mu koma a ɗauki hoto, kuma na rubuta a takarda cewa zan tambayi likita maganar kwatangwalon hagu.